Ranar da Alwatika Ta Shayar da Sufeto Zoɓo

Na sha ƙoƙarin mantawa da ranar nan, amma 'yan Madawa sun ƙi barina.

Lokacin ina sabon malami a wata makarantar koyon sana'a, a garin Madawa inda ake ce wa malami “mushe”, ina koyar da ilimin ƙarfi da nauyi ga masu shirin zama injiniyoyi. Ba a tabbatar da ni a aiki ba tukuna, sai sufeto ya zo daga Tawa ya ga yadda nake koyarwa. Darasin da na zaɓa shi ne nemo cibiyar nauyin alwatika. Abu ne mai sauƙi: tana nan a kashi ɗaya bisa uku na tsawon, in ka auno daga gindi. In ka tokare alwatika a wannan ɗigon, sai ta tsaya cak, ba ta karkata.

Ɗalibaina kuwa kullum daga tsini suke aunowa. Na sha yi musu faɗa a kan haka, har na taɓa cewa ko jakin da ke ɗaukar albasa zuwa kasuwa ba zai yi wannan kuskure ba. (Allah ya yafe mini, shi ma jakin ya yafe.)

Da safe na gargaɗe su: duk wanda ya buɗe baki ban tambaye shi ba, waje zai yi.

Sufeto ya iso, dattijo mai natsuwa, cikin farar shadda tana ƙyalli. Darakta ya kawo masa zoɓo mai sanyi a kofi. Na fara darasi, baki na zuba kamar rediyo. Da na ga yana gyaɗa kai, sai kaina ya kumbura. Na ɗauko babbar alwatikar katako, na auna cikin sauri, na ɗiga alli, na ɗora ta a bakin kwalba ina riƙe da ita.

“Ranka ya daɗe, a ara mini kofin nan.”

Na aza zoɓon a kai. Ban tsaya nan ba, na ce ya matso ya duƙa, ya ga ikon ilimi da idonsa. Ajin ya yi tsit. Na ga wasu suna rufe fuska, na ɗauka mamaki ne.

Na saki hannu.

Katako ya tuntsure, kofi ya bi shi, shadda ta koma ja daga wuya har gwiwa. Daga tsini na auno.

Sufeto ya miƙe a hankali, zoɓo na ɗiga daga gemunsa. Ya dubi aji ya ce, “Wa ya ga kuskuren mushe tun kahin ya saki?”

Hannaye suka tashi, duka, babu saura.

“To mi ya hana ku magana?”

Suka amsa baki ɗaya: “Shi ya ce mu yi shiru!”

Sai da ya sake dawowa wani zangon kafin aka tabbatar da ni, kuma ranar baƙar riga ya sa, ya zauna can bayan aji. Har yau in na ratsa kasuwa, sai in ji wani ƙaton magidanci ya ce, “Mushe Zoɓo, ina kwana!”

Yanzu kafin in saki komai sai na tambayi aji ko akwai mai magana. Kullum kuwa akwai.