Ranar da na huda rumbun Baffa

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ban yarda laifina ne ni kaɗai ba.

A teburin mai shayi a Jahun muka ga gasar wasannin duniya a talabijin. Wasu ƙarti ne ke wulwula dunƙulen ƙarfe ɗaure da waya, su yi cilli da shi. Mai sharhi ya ishe mu da surutu, wai an fi shekara ɗari ana wannan gasa.

Na ce, "Wannan ai majajjawa ce! Mu da muka tashi muna korar tsuntsaye a gonar gero? Su har raga ake kewaye su da ita, ragwayen banza."

Sale mai faci ya ce, "To bismilla, gwani."

Zuciya ta ɗebe ni. Na ɗaure ɗan dutsen niƙa da igiyar guga, muka fita fili. Na juya sau biyu lafiya, a na uku dutsen ne yake juya ni. Na sake shi ban san gabas ba, ya tafi kai tsaye ya fasa cikin rumbun Baffa, ƙanen mahaifina. Dawa ta dinga tsiyaya, kajin unguwa suka yi biki.

Baffa ya dubi ramin, ya dube ni, ya ce, "Kai da 'ya'ya huɗu?"

Kwana uku ina kwaɓa ƙasa ina liƙe rumbu, Salen da ya zuga ni ko leƙowa bai yi ba. Amma yanzu da ya hango ni sai ya daka ihu, "A kawo raga, zakaran duniya ya iso!"

Matata ma, ko buta na ɗauka sai ta janye tukwanenta.