Ganyen Gwaza na Ƙarshe

"...lafiya lau, in ban da ɓarawon da ya addabe ni," in ji Hajiya Safara'u, ko ɗago kai ba ta yi daga yankan kuɓewa ba.

Jikanta Amidu ne durƙushe yana gaishe ta, idonsa kuwa yana kan tsohon bahon da ta shuka gwaza a gindin randa. Ganye ɗaya tal ya rage. Shida ya tsinke cikin mako guda ya kai jami'a, inda yake nazarin zaman ɗigon ruwa a kan abu: nan ya dunƙule, can ya baje. Gobe zai gwada a gaban malamansa, kuma duk ganyen da ya kai, ruwan kwanciya yake yi shame-shame.

"Amarya, ɗayan nan kawai."

"Amaryar wa? Mijin da ke cinye miya tun tana shuke? Akuyar maƙwabciyarmu Ummu Hani ta fi ka kunya, ita sai na shiga ɗaki."

"La science ce, tsohuwa, kimiyya. Haƙori biyu gare ki, me za ki yi da ganye?"

"Biyun nan suka tauna maka nama kana jan majina. Shekara biyar a boko, ashe kallon ruwa kake!"

"Ganyenki ne ya tsufa kamar mai shi. Ba ya aiki."

Hajiya ta ajiye wuƙa, ta tsoma yatsa a randa, ta ɗiga a kan ganyen. Ɗigon ya tsaya cur kamar ƙwayar carbi, ya gangara bai bar danshi ba. Ta ɗiga wani a ganyen ayabar da ke cikin faranti, ya miƙe ya bi layin ganyen.

Amidu ya saki baki.

"A me kake kai shi?"

"Cikin littafi, a jaka."

"Ka danne shi, ka hau babur ɗin zemijan, ramukan Zongo su murje shi. Har gogewa kake yi, ko?"

Da hankici ma yake gogewa, don ya yi tsabta.

"Farar ƙurar nan ta kansa ita ce rigarsa, sakarai. Tsirara kake kai shi." Ta kai babban yatsa za ta murza gefen.

"Kaka! Don Allah kar ki taɓa!"

"Yau ni ce Kaka? Ina mai haƙori biyun?"

"Talatin da biyu ne, ni na ƙirga. Na sallama."

Ta yi dariya har kuɓewa ta zube.

"Ɗauki bahon gaba ɗaya. Kar ka tsinke."

"A zem? Har jami'a?"

"Rungume shi, tunda ba ka samu matar runguma ba. In sun ba da takardar kuma, ka ce su rubuta Safara'u. Miyata ce ta yi karatun."