Yadda Za Ka Ja Jinyar Yatsa Har Gero Ya Shiga Rumbu

Kai da aka yi wa aiki a ƙafa, aka gyara ƙashin nan da ya turo a gindin babban yatsa, matso kusa. Bi matakan nan, ni na lamunce maka: damina za ta zo ta wuce ba ka taɓa hauya ba, kuma kana nan maigida, kai ke buɗe rumbu. Na ga dabarar da idona wajen Kailu, maƙwabcina a Filinge, gwanin da ba a taɓa yin irinsa a ƙasarmu ta Kurfai ba.

1. Zaɓi lokaci

Wawa ne ke zuwa asibiti da rani, ya warke a banza. Kailu ya yi shekaru yana yanke gefen takalmi don ƙashin ya sha iska, bai tuna da asibitin Yamai ba sai da hadarin farko ya haɗu. Yi koyi da shi.

2. Ba ciwon suna mai nauyi

Kada ka kuskura ka ce yatsa. Ba a yanka wa mai ciwon yatsa zabo. Ka ce "operasiyon", wato tiyata, ka runtse ido. In an matsa da tambaya, ga amsar Kailu: "Ƙashi hwa anka sare, Malam. Ni da ganin gona bana, sai wani ikon Allah."

3. Raba maganar likita biyu

Likita zai ce ka ɗora ƙafa bisa matashi, ka huta. Wannan ilimi ne, riƙe shi hannu bibbiyu. Zai kuma ce in an kwana biyu ka sa takalmin nan mai faɗi, ka riƙa takawa, kana motsa yatsan kullum don kada ya sandare. Wannan surutu ne, bar masa abinsa can. Me mutumin da ke yini ƙarƙashin fanka ya sani game da zafin ranar Kurfai?

4. Kula da masu dubiya

Nishi iri biyu ne. Ƙarami na masu zuwa hannu rabbana. Babba na surukai da duk wanda ka hango da ƙwarya a rufe. Naman da ke cikin ƙwaryar kuwa ka ci shi a ɗaki. A zaure ka ce bakinka ba ɗanɗano.

5. Bar gona ga masu ƙafa

Shuka, noman fari, maimai, duk ba naka ba ne. Matar Kailu, Kubura, ita ta kira gayya, ta tuƙa wa manoma tuwo, da suka watse ta ɗauki hauyar da kanta. Kullum ta dawo da maraice gumi ya bushe mata a fuska, sai ya ɗago daga tabarma ya ce, "Kun cire hakin gehen gabas kuwa?" Ka riƙa irin wannan tambaya. Ita ke nuna har yanzu gidan da namiji.

6. Warke a kan kari

Ranar da damin ƙarshe ya shiga rumbu, jefar da sanda, ka yi hamdala yadda maƙwabta za su ji. Haka Kailu ya yi. Washegari ya jingina tsani zai fiddo hatsin daka, aikin da a gidansu maigida kaɗai ke yi, mace ko leƙawa ba ta yi. Ya ɗora ƙafa, yatsan ya ƙi lanƙwasa, ya sandare kamar turke. Ya sake gwadawa, zafi ya harba masa har ƙwaƙwalwa, ya dawo ƙasa daɓas. Ihunsa na gaskiya ke nan na farko, kuma ba wanda ya taso. Gidan ya ƙoshi da nishi.

Kubura ta gyara ɗaurin zani, ta taka tsanin a gaban idonsa.

"Kubura! Mace cikin rumbuna? Mi mutane za su ce?"

"Mutanen da sunka gan ni da hauya? Riƙa min tsanin, Malam, kak ka kada ni. Wanga aiki bai son yatsa."

Ya riƙe, wallahi har ya ba ni tausayi. Har yau shi ke riƙewa. Abin da ta ga dama ta miƙo shi ake dakawa, in kuwa yana son dami guda ya kai kasuwa ya sayi shayi, sai ya ɗaga kai sama ya roƙa.

Hattara

Ni shawara na bayar, ban ɗaure kowa a tabarma ba. Ba ruwana da yatsan da ya ƙage, ko rumbun da ya sauya hannu, ko dariyar surukai. Duk mai ƙorafi ya tako da ƙafarsa ya same ni, in ya iya.