Kwalba ta Goma Sha Bakwai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kare furojet ɗina na shekarar ƙarshe ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta.

A sashen nazarin halittu na jami'a nake, a nan Minna. Da aka raba batutuwa, abokaina suka samu kifin madatsar ruwan Tagwai da sauro, ni kuwa aka ba ni gizo-gizo mai tsalle, irin ƙananan nan masu manyan idanu a goshi da ba sa saƙar tarko, sai dai su yi wuf su cafke ƙuda. Aikina shi ne in tara su, in rarrabe kowanne da zuriyarsa. (Da na gaya wa mahaifiyata, sai ta tambaye ni ko an daina karatun likita ne.)

A cikinsu akwai masu kwaikwayon cinnaka. Jikinsu siriri ne, suna tafiya da ƙafa shida, su ɗaga biyun gaba sama kamar 'yan ƙahonnin cinnaka, don tsuntsu da ƙadangare su ƙyale su. Zuriya biyu ne suka fi rikita mutane, Myrmarachne da Belippo. Kamarsu ɗaya, sai ka sa namijin a maikiroskof, na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa, ka duba wata 'yar ƙaya a ɗan hannun da ke gefen bakinsa. Na haddace wannan tsaf. Abin da ban taɓa yi ba shi ne ganin ko ɗaya daga cikinsu da idona.

Wata Asabar a ƙauyen Garatu, a gonar doyar wani dattijo da ya ba ni izinin shiga, na hango shi a kan ganye. Baƙi, siriri, ƙafa shida a ƙasa, biyu a sama. Na kai hannu, ya gantsara mini cizo. Na jefa shi a kwalbar sifirit, ruwan da ke hana ƙwari ruɓewa.

Dattijon ya leƙo ya ce, “Yaro, wannan cinnaka ne.”

Na yi murmushi irin na mai ilimi. Na ce, “Baba, ai haka yake so ka zata.”

Ya dube ni, ya dubi kwalbar, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya koma kan kunyarsa. Ni kuma na rubuta a littafina cewa kwaikwayon ya kai har ga cizo.

Dakta mai duba aikina ta ce in sa abin da ke kowace kwalba a maikiroskof kafin in rubuta komai. Na sa goma sha shida. Ta goma sha bakwai kuwa, wato ta Garatu, na ji tsoron kada allurar dubawa ta karya mini abin da ke ciki, sai na ɗauki hotonsa da waya ta bayan gilashi. Da Dakta ta tambaya ko na duba duka, na ce, “Duka, Ma.” Daga nan na rubuta shafi tara ina auna ko Myrmarachne ne ko Belippo. Na kawo hujjar wannan, na kawo ta wancan, na yanke hukunci cikin tawali'u cewa mai yiwuwa sabuwar zuriya ce da ba a taɓa gani ba. (Har na fara tunanin sunan da zan sa mata. Da sunan kakana a ciki.)

Ranar karewa na ari kwat. Ɗakin ya cika da 'yan ajinmu. Wani tsohon farfesa da aka gayyato daga wata jami'a yana zaune a tsakiya, yana gyangyaɗi tun ɗalibi na uku. Da na ambaci sabuwar zuriya sai ya buɗe ido.

“Ɗana, kawo kwalbar.”

Na miƙa da hannu biyu. Ya juye ta a faranti, ya ciro ɗan madubin ƙara girma daga aljihu, ya duƙa. Bai yi minti ɗaya ba.

“Gizo-gizo ƙafarsa nawa?”

“Takwas, Sa.”

“Zo ka ƙirga mana. Da ƙarfi.”

Na ƙirga. Da na kai shida na tsaya, na nuna biyun gaba, na ce su ne na bakwai da na takwas, ɗaga su ya yi.

“A ina suka tsiro?”

Na duba. Na daɗe ina dubawa.

“A ka, Sa.”

“Ka taɓa ganin ƙafa a ka?”

Ba wanda ya yi dariya tukuna. Dakta ta cire tabarau ta rufe fuska da takardata. Farfesa ya mayar da abin cikin kwalba a hankali, ya toshe, ya ce, “Lallai ka yi babban bincike. Ka gano cinnakan da ke kwaikwayon gizo-gizon da ke kwaikwayon cinnaka.”

A nan ɗakin ya fashe. Ni dai ina tsaye cikin kwat ɗin mutane, gumi yana bin bayana, ina ta cewa, “Na gode, Sa.” Har yau ban san abin da nake godewa ba.

Sauran goma sha shidan ne suka cece ni, don sunayensu sun fita daidai. Aka ba ni mako biyu in cire shafi taran nan, in kuma rubuta wa Dakta takardar ban haƙuri kan ƙaryar da na yi mata. Ta karɓa ta jefa a aljihun tebur ko kallona ba ta yi ba, wanda ya fi zagi ciwo. Na fita da digirina, da ƙyar.

Yanzu ina koyarwa a wata sakandare a unguwar Sauka Kahuta, kuma ɗalibaina suna cewa na cika tsanani a kan ƙananan abubuwa. Gaskiyarsu ne. Na dai koyi cewa kafin ka tsaya gardamar ko baƙo ɗan wane gida ne, ka fara ƙirga ƙafafunsa.