Rasuwar Zabiya, Amfilifayar Falo

Da zuciyar da ta cika ta batse da baƙin ciki, iyalan Baba Direba na sanar da 'yan uwa, maƙwabta da duk wanda ya taɓa toshe kunne a layinmu, cewa Zabiya ta bar duniya. Zabiya ita ce baƙar amfilifayar nan, na'urar ƙara sautin rediyo da kaset, da ke zaune a kan kantar falo, ƙarƙashin agogon bango, kusa da firij. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana tsaka da karanta labaran wasanni, tana da shekara goma sha huɗu.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai kuma fitar da murya. Ba ta taɓa ƙin kaset don ya tsufa ba. An ɗora mata kofin shayi, an ɗora mata makullai, an taɓa shanya mata safa, duk ba ta ce uffan ba. Ranar da Baba ya yi ritaya daga tuƙi ya dawo gida bai san inda zai sa kansa ba, ita ta zauna da shi daga safe har yamma, wata uku cur, tana ta ɗebe masa kewa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da ciwo ya kama ta. Tana cikin waƙa lafiya lau, sai kawai a ji "ɗas!" kamar an fasa leda, wani lokacin har da ɗan "zzzt" a biye. Baba kuwa mutum ne da ya yi shekara talatin yana tayar da mota da duka, don haka bai yi wata-wata ba ya wanka mata mari a gefen hagu. Sai ta yi shiru da tarin, waƙa ta ci gaba. Tun daga ranar ya zama likitanta. Da an ji "ɗas!" zai miƙe daga kujera, ya gyara hannun riga, ya sauke mata guda ɗaya mai kyau, sannan ya dubi baƙi da murmushi. Babu wanda ya yarda ya mare ta sai shi, domin a cewarsa akwai inda ake dukan, kuma hannunsa ta sani. Mama ta sha faɗa masa cewa ko ba ya gida tarin sau ɗaya ne ya wuce. Ya ce ai tsoronsa ne ke aiki.

Sau shida ana kai ta wurin mai gyaran rediyo na bakin titi. Sau shida tana kwana biyu a can tana rera waƙa tas, ko atishawa babu. Baba ya ce ba mamaki, halin mara lafiya ke nan, da ya ga asibiti sai ya warke.

Ranar Talata aka ji "ɗas!", Baba ya miƙe ya yi abin da ya saba. Zabiya ta ce "fuuu", jan idonta ya mutu, rai ya yi halinsa.

Mai gyara ya zo har gida duba gawa. Ya kwance ta, ya leƙa ciki, ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya ciro tasa amfilifayar ta gwaji daga jaka, ya jona ta a soket ɗin da marigayiya ta yi rayuwarta, ya haɗa mata sifiku. Ana zaune jugum sai firij ya yi gyaran murya ya tashi, kuma nan take sabuwar baƙuwa ta ce "ɗas!"

Mai gyara ya ce, "Mama, yaushe firij ɗin nan ya shigo soket ɗin nan?"

Mama ta ce, "Tun ranar da aka sayo shi. Shekara goma sha ɗaya."

Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Lafiyarta ƙalau fa. Duk sanda firij ya tashi yakan girgiza wutar, ita kuma ta faɗa. Ga gefen hagu nan, dalmar da ke riƙe da wayoyin duk ta saki. Marin ne."

Baba ya juya. Ya dubi firij, firij ya ci gaba da gurnaninsa, ko a jikinsa. Wallahi abin ya ba mu dariya, kuma ya ba mu tausayi.

Marigayiya ta bar sifiku biyu, na dama da na hagu, na hagun kurma ne tun bara. Ta bar rimot ɗaya da ba a san inda yake ba, da kaset arba'in da bakwai, da kuma firij, wanda iyali ke roƙon kada a yi masa ta'aziyya.

Za a karɓi gaisuwa a falo daga bayan la'asar. Ana roƙon masu zuwa kada su tambayi musabbabin rasuwa a gaban Baba. Mai gyara ya nemi a ba shi gawar ya ciri abin da zai yi wa wasu amfani, Baba ya ce ko ƙusa ɗaya ba za a taɓa ba, ta sha isasshen hannu.

Za a naɗe ta a sabon tawul gobe da safe, a kai ta makwancinta a saman kabad ɗin ɗakin Baba. Shi zai ɗauke ta da kansa. Har zuwa lokacin tana nan a kan kantar falo, kuma duk sanda firij ya tashi Baba yakan miƙe bisa sabo, ya gyara hannun riga, ya tsaya. Sai ya sauke tafin a hankali, ya shafa mata gefen hagu.