Ƙarar da Ta Bi Ni Har Rabah

Da na sa aka ɗaga a-kori-kurata ta ƙara tsayi saboda ramukan fadamar Goronyo, har limamin unguwarmu sai da na yi wa lacca kan sifirin ɗin mota. Sai ga ƙara daga baya: gwaram, gwaram! Na canza shokozoba a Wurno, ba ta daina ba. A Rabah na tara wa bakaniken da ya ɗaga ta jama'a, na rantse ya kashe mini mota. Yana yaye tamfal ɗin baya, turmi ya gangaro.

Na iso gida baki buɗe. Mahaifiyata ta ce, "Turmina na, ni na sa yara su aje shi baya. In ba shi ba, da mi zan hau wagga hasumiya taka?"

Har yau in na shiga gareji sai a ce, "Alhaji, motar za a duba ko turmin?"