Rediyon da Ya Guje wa Kolonel

Ranar da kawuna Alhaji Sanusi, ɗan kasuwa a unguwar Zongo, ya gabatar da ni ga Kolonel Idi, wanda suka taso tare a Maraɗi, ba za ta taɓa fita daga raina ba. Shekarar fari ce, mulki yana hannun soja, motocin hatsin agaji kuwa da sun yi nisa sai a daina jin ɗuriyarsu. Don haka soja ke neman injiniyan sadarwa guda ɗaya. Ni kuma ga diplom na injiniya sabo ful, ga zaman banza a unguwarmu Kirkissoye.

Na je bariki da rediyo biyu da na harhaɗa, waɗanda ordinatar, wato kwamfuta, ke sarrafawa. Na bayyana, da Hausa tsantsa, cewa sukan saurari iska su zaɓi zangon da ba kowa, in kuma suka ji baƙuwar murya a kansa, su koma wani tare, don kada abokin gaba ya toshe su. (Na yi alfahari da wannan jumla. Har gobe ina yi.)

Aka sa ɗaya a kamiyo, babbar motar soja, wani sarjan ya tsallaka kogi da shi. Na miƙa wa Kolonel abin maganar ɗayan da ya rage. Ya ture hannuna, ya zaro talki-walkinsa, rediyon oba-oba na hannu.

"Yaro, wane zango kake?"

Na faɗa masa. Ya murɗa, ya kira sarjan. Rediyona suka ji baƙo, suka tashi. Na karanto masa sabon zangon, ya bi su, suka sake tashi. Hafsoshi suna tsaye, Kolonel yana ta ba iska umarni.

"Ranka ya daɗe, aikinsu ke nan," in ji ni. "Sun ɗauke ka abokin gaba ne."

Kawu ya dubi takalmansa.

"Alhaji," in ji Kolonel, "ɗan naka ya ƙera sojan da ke gudu in kwamanda ya yi magana."

Sai dariya ta ɓarke. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, na'urar ta yi daidai, ni ma gaskiya na faɗa. Amma na koyi cewa a zamanin soja, in babba ya buɗe baki, rediyona ya fi ni hankali: shi ya bar wurin, ni na tsaya bayani.

Abin da aka rasa: aiki ɗaya, rediyo biyu da aka riƙe don bincike, da amincin kawu da Kolonel.